Wake, maganin ƙwari da matsayin masu ƙaurace wa kayan dabba

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan an sami ragowar sinadarin dichlorvos a jikinsa fiye da iyakar da ta gindaya ta miligiram 0.01 a kowane kilo. Wannan sinadari ne wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake don kada ƙwari su huda shi a ajiya. An fi tattauna batun ta fuskar lafiyar mai ci da asarar kasuwa, amma yana da wata fuskar da ta shafi masu ƙaurace wa nama, madara, ƙwai da duk abin da ya fito daga dabba, waɗanda wake ke cikin manyan abincinsu.

Aƙidar da ƙungiyar Vegan Society, wadda aka kafa a Ingila a 1944, ta tsaya a kai ita ce a guje wa cutar da dabba gwargwadon iko. Sai dai kwanon da babu nama a cikinsa bai tsira daga kisa ba. Feshin gona ba ya bambance tsutsar da ke cin amfani da ƙudan zumar da ke yi masa barbara, kuma abin da ruwan sama ya wanke zuwa rafi yakan faɗa wa kifi da kwaɗi. A Arewa, feshin jirgin sama da ake yi wa tsuntsayen jan baki don ceton gero da shinkafa kisa ne da gangan, ba kuskure ba.

Da yawa daga cikinsu kan fake da noman da ba a sa masa sinadarin masana'anta, suna ganin can mafita take. Lissafin bai kai haka sauƙi ba. Irin wannan noma ya dogara da kashin shanu da na kaji, a Turai da Amurka har da garin ƙashi da busasshen jini daga mahauta, wato ragowar sana'ar da suke ƙyama. Maganin pyrethrum da ƙa'idojinsa suka halatta, duk da daga fure ake samun sa, yana kashe ƙudan zuma da kifi. Yabanyarsa kuma takan gaza ta noman zamani, don haka samar da buhu guda na buƙatar fili mafi faɗi, filin da sau da yawa daga daji ake yanko shi. Siri Lanka ta haramta shigo da takin zamani da magungunan feshi a 2021, ta janye haramcin kafin shekarar ta ƙare, amma noman shinkafarta ya riga ya faɗi.

Idan rage cutarwa ne ma'auni, Najeriya na da misalai biyu da suka fi taken "babu sinadari" nauyi. Na farko irin waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019. Yana jure tsutsar Maruca, kuma masu binciken sun ce feshi biyu ya ishe shi a maimakon shida zuwa takwas. Abin mamaki, ƙa'idojin noma marar sinadari sun haramta shi domin an sauya ƙwayar halittarsa. Na biyu buhun PICS mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro: ana ɗaure bakinsa, iska ta ƙare, ƙwarin da ke ciki su mutu. Shi ma kisa ne, amma ya tsaya a cikin buhu, bai kai ga zuma ko rafi ko cikin yaro ba.

Matsalar ita ce buhun ya fi kwalbar magani tsada a lokacin saye, kuma mai awon wake a kasuwar Dawanau ko ta Wuse ba shi da hanyar sanin wanne aka yi amfani da shi. Muddin farashin mudun waken biyu ɗaya ne, ɗan kasuwa zai ci gaba da zaɓar mai araha.