Aikin Dare Da Tukunyarmu

'Yan'uwana mata, tun da masaƙar KTL ta Kakuri ta fara aiki a 1957, matan Tudun Wada suka san miji mai aikin dare. Masaƙar ta rufe a 2002, amma har yau ga masu gadi, ga ma'aikatan jinya na asibitin Yusuf Ɗantsoho.

Ƙarancin barci kan ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi da maiƙo, gajiya kuma ta hana motsa jiki. Daga nan sai teɓa, wani lokaci har ciwon sukari.

Don haka ki ba maigida tuwonsa kafin ya fita, guzurin dare ya zama marar nauyi. Da rana a bar shi ya yi barci, da la'asar ya ɗan taka. In ke ce mai aikin, kada ki manta da kanki.