Wasiƙa Zuwa Ga Sababbin Malaman Zane Na Ƙasar Dutse



Wannan takarda taku ce, ku da kuka kammala NCE ko digiri a fannin zane, kuke koyarwa kyauta ko a kan ɗan alawus a makarantun Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu kafin Allah ya kawo aikin dindindin. Shawarata guda ce: kada lokacin nan ya tafi a nuna wa yara gwanintar hannunku. Hannu kun riga kun samu a kwaleji. Abin da ya rage muku shi ne sanin yadda ake sa aji cike maƙil ya duƙufa kan aiki cikin minti 40, babu fenti, babu buroshi, wata rana ma babu takarda. A gaban yara kaɗai ake koyon wannan, kuma da kayan da garin yake da su ake yin sa.

Tarihin sana'ar yana bayan wannan magana. Da Kenneth Murray ya zo Najeriya koyar da zane a 1927, ya tura ɗalibansa su zana rayuwar garuruwansu, a cikinsu kuwa Ben Enwonwu ya fito. A 1958 ɗaliban Zariya irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu don haɗa dabarun makaranta da adon gida. Ku kam ba sai kun yi nisa ba. Zanen shanu na mutanen da yana nan a duwatsun Birnin Kudu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ga kuma adon bangon fadar Sarkin Dutse a Garu. Mafi kusa ma shi ne abin da yaran suka shigo aji da shi. Yaron da ya taɓa daka gawayi ya haɗa da ƙaro ya yi tawada ya san cewa launi ba ya kama allo sai da abin da zai riƙe shi, kuma wannan shi ne tushen kowane fenti. Wanda ya ga gardi yana zayyana, yana raba fuskar allo gida-gida da alƙalamin kara kafin ya sa ja da rawaya, ya ga tsarin fili da daidaito. Yarinyar da ke yanka salatif ta liƙa a tafin ƙawarta, ta shafa lalle, ta ɓare bayan ya kama, ta iya dabarar toshe launi, wadda marina ke amfani da ita a kan yadi. Aikinku shi ne ku raɗa wa abin da suka sani suna, ku ɗora daga nan. Malamin da ya zauna jiran akwatin fenti daga ofishin ilimi kuwa, zango zai ƙare yana rubuta ma'anar launi a allo yara suna kwafa.

Za a ce manhaja fa? Darasin al'adu da fasahar ƙirƙira na firamare da ƙaramar sakandare ya ƙunshi ginin yumɓu, rini da saƙa, don haka kaba da jar ƙasa ba su saɓa mata ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi na iyaye ne, waɗanda ke ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini. Kada ku ɗauke shi jahilci, domin mas'ala ce da malamai suka yi magana a kanta, kuma ɗan sa kai ba shi da hurumin yanke ta a aji. Fagen da ya rage yana da faɗi ƙwarai: dagi, aska takwas ta babbar riga, zanen hula, bishiyar dabino, duwatsun da suka ba garin suna. Ana koyar da inuwa, nisa da ma'auni da waɗannan ba tare da an tayar da jijiyar wuya ba. Uban da ya ga ɗansa ya dawo da zanen hula da maɗinki zai iya ɗorawa a kai, shi zai fara tambayar ranar darasi na gaba.

Saura masu cewa aikin kyauta ci da gumi ne, kuma yana hana gwamnati ɗaukar ma'aikata. Suna da gaskiya idan ba a sa masa iyaka ba. Waɗanda suka koyar a ƙarƙashin shirin gwamnati na N-Power, wanda aka fara a 2016, ko na J-Teach suna da takardar shaida. Wanda ya shiga makaranta da kansa ba shi da ita sai ya nema. Saboda haka tun ranar farko ku yi magana da hedimasta a kan zango nawa za ku yi, ku roƙi a sa ku a jadawali da sunan darasinku, kada ku zama masu cike gurbin duk malamin da bai zo ba. Ku nemi tsohon malami ya riƙa zama a bayan aji yana muku gyara. Ku ajiye tsarin darasi da hotunan aikin yara, da izinin makaranta, ku kuma yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN. Idan wa'adin ya cika, ku karɓi takarda mai hatimi da ta faɗi ajin da kuka riƙe da tsawon lokacin, sannan ku duba ko za ku ƙara wani zangon.

Wassalam.