Ƙurar Hunturu Da Bom Ɗin Faransa

Duk shekara in hunturu ya kama, hazo kan sauko daga Hamada har ya lulluɓe rumfunan Hausawa na Coal Camp a Inugu da na Anaca da Fatakwal. Mutane kan share ƙurar su ci gaba da ciniki. Amma akwai lokacin da wannan ƙura ta ta da hankalin Nijeriya baki ɗaya.

Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bom ɗinta na farko na atom a Reggane, cikin Hamadar Aljeriya. Da ta fasa na uku a Disamba, Gwamnatin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta ran 5 ga Janairu 1961, ta kuma hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa. Ƙasa mai wata uku da samun mulkin kai ke nan! Faransa dai ba ta fasa ba, sai da ta yi gwaji 17 a Hamadar Aljeriya kafin ta bar yi a can a 1966.

Abin da ya rage a can shi ne fulutoniyam, watau ƙarfen da ke cikin bom ɗin. Sai ya shekara kimanin 24,000 kafin rabinsa ya gushe. Ba ya narkewa cikin ruwa da sauƙi, manne wa ƙwayar ƙasa yakan yi, inda iska ta kai ta can zai tafi. Haskensa ba ya huda ko da takarda, to amma in aka shaƙe shi sai ya zauna a huhu, ko ya wuce hanta da ƙashi, ya jawo ciwon daji bayan shekaru.

Masana sun auna ƙurar Hamada da ta faɗa Turai a Maris 2022. Sun sami fulutoniyam ɗan kaɗan, wanda bai kai ya cutar ba, kuma alamunsa sun nuna daga gwaje-gwajen Amurka da Rasha ya fito, waɗanda suka watsu duniya duka. Saboda haka ɗan kasuwar Coal Camp ya fi cancanta ya ji tsoron mura da tari.

Masu haɗari a ƙofa su ne Buzaye da sauran mazauna Reggane da In Ekker, inda yashi ya narke ya zama baƙin gilashi, aka kuma kwashe gurɓatattun ƙarafa ana rufin ɗaki da su. Aljeriya ta sha neman Faransa ta ba ta taswirar wuraren da ta binne sharar, ta kuma zo ta kwashe kayanta.