Wayar ɗalibi ma ɗakin bincike ce

Bai kamata rashin kwamfuta ya hana ɗalibin kimiyyar harshe nazarin matani ba. Manhajar Termux, wadda ake samu kyauta a F-Droid, tana sa wayar Android ta karɓi umarnin Linux. Layuka kaɗan na Bash, masu haɗa grep da sort da uniq, sun isa su ƙirga kalmomin littafi sukutum, muddin matanin yana cikin tsarin UTF-8, domin kada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ su lalace.

Sai dai duk wanda ya goge Termux ya goge abin da ya rubuta a cikinta. Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya bayyana aikin kowane fayil a samansa, ya kuma ajiye kwafi a wajen wayar. Ya dace sassan harsuna su koyar da wannan tun shekarar farko.