Yayin 'Yan Fim da Sana'ar Hannun 'Yan Matanmu: Wa Ke Cin Riba a Kasuwar Dole?

Duk wanda ya shiga Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, musamman idan Sallah ta matso ko bukukuwan aure suka kankama, zai ga wani abu da ba mu saba gani ba shekaru ashirin da suka wuce. Yarinya za ta tsaya gaban rumfar mai atamfa ko mai kayan kwalliya, ta gaisa, sannan ta zaro waya ta miƙa ta ce, "Hajiya, irin wannan nake so." Abin da ke cikin wayar kuwa hoton wata 'yar fim ce ta Kano, ko wata mai tashe a TikTok, da ɗaurin ɗankwalinta da jakarta da sarƙar wuyanta. In akwai a yi ciniki, in babu ta wuce rumfa ta gaba.

Ba a jima ba sai ga wata yarinyar, sa'ar ta farko, ita kuma ba saye ya kawo ta ba. Ta zo ne da leda cike da abin da ta yi da hannunta a tsakar gida bayan ta taso daga makaranta: jakar duwatsu, abin hannu, hular jarirai ta saƙa, 'yar jakar waya, wani lokaci har da humra da turaren wuta da ta koya wajen kakarta. Ita ma a waya ta ga samfurin jakar. Tana neman wadda za ta karɓa ta ɗora mata a kan tebur, in an sayar a ba ta nata. Sau da yawa amsar da take samu ita ce, "Ai muna da irinta 'yar Caina, kuma ta fi taki araha."

Waɗannan yara biyu a rumfa ɗaya suke haɗuwa, kuma hukuncin da 'yar kasuwa ta yanke tsakaninsu ya shafi jarinta ita kanta kafin ya shafi kowa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tsaya mu dubi lamarin da idon basira.

Da farko mu tambayi kanmu, daga ina yayin yake fitowa? Idan ba a manta ba, a 1998 ne Alphadi ya buɗe bikin nunin tufafi na FIMA a Tigidit kusa da Agadas, bikin da ya ɗaga sunan Nijar a duniya. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, 'yar Zango ko Garin Malam ba daga FIMA take ɗaukar ɗinkinta ba. Daga Kano take ɗauka. Tun da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, aka kuma zo zamanin Sangaya da Wasila wajen shekarar 2000, kaset ɗin bidiyo ya riƙa biyo hanyar Magarya da Matamai yana shiga ɗakunan matan aure, kuma duk ɗinkin da jarumar fim ta sa sai an kai wa tela ya kwaikwaya. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, shirin Daɗin Kowa ya zama abin kallon kowane gida mai tauraron ɗan adam. A 2020 Labarina ya zo. Sunaye irin su Hadiza Gabon da Rahama Sadau da Nafisa Abdullahi sun zama kamar na 'yan unguwa, ga kuma namu da suka yi suna a can, irin su mawaƙiya Fati Nijar 'yar Maraɗi.

Kwaikwayon 'yan fim tsohon abu ne. Abin da ya sauya shi ne saurinsa. A zamanin kaset, ɗinki ɗaya kan yi shekara ko fiye ana yayinsa, domin kafin fim ya zagaya gidaje ya kai ƙauye an daɗe. Yanzu jaruma za ta sa hoto da daddare a Kano, kafin sallar Azahar ta gobe ya gama zagaya wayoyin 'yan matan Birni da Mirya ta WhatsApp. Abin da ya zo da sauri kuwa da sauri yake tafiya. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kwana 70 ne ko kusa da haka, amma sau nawa muka ga kayan da aka yi rububinsu a ƙaramar Sallah sun zama kwantai kafin layya?

A nan ne 'yar kasuwa ke shiga tarko. Ta kwashi adashinta, ta hau mota ta yi tafiyar fiye da kilomita 200 zuwa Kano, ta shiga Kantin Kwari da sauran kasuwanni ta saro dozin-dozin na abin da ake yayi. Ta biya kuɗin mota da na dako da na kan iyaka. Rabin kayan ya tafi da riba, rabin kuma yayi ya wuce ya bar shi. Sai ta karyar da shi, ribar rabin farko ta tafi wajen toshe asarar rabin ƙarshe. Hanyar ma ba kullum take buɗe ba. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Duk mai rumfa ta san abin da ta gani a waɗannan watanni.

Bugu da ƙari, kayan da muke sarowa a Kano galibinsu ba a Kano ake yin su ba. Manyan masaƙun Kaduna sun durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, kayan Caina suka cike gurbin. Da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, mai riƙe da sefa ya ga kaya sun yi masa sauƙi a Kano. Wannan ya yi wa mai sari daɗi na ɗan lokaci, amma ya ƙara danne yarinyar nan mai leda, domin jakar da ta kwana uku tana haɗawa tana gogayya ne da wadda inji ya fitar da dubunta a yini guda.

Ba yau ne karo na farko da yayin wata ƙasa ya yi wasa da dukiyar Damagaram ba. A zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, da shekarun da suka biyo baya na attajirai irin su Malam Yaro, ayarin raƙuma kan tashi daga Zango ya bi ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus. Cikin manyan kayan da ake ɗauka akwai jemammun fatu da gashin jimina. Gashin jiminar nan ba don komai ake sayensa ba sai don matan Faransa da Ingila da Amurka suna yayin sa shi a huluna. Ya yi daraja har ta kai a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo tawaga a asirce zuwa yankin Kano da Damagaram domin ta sayi irin jiminunmu. Shekara uku bayan haka, a 1914, kasuwar gashin ta rushe a duniya baki ɗaya. Yaƙi ya ɓarke, mata kuma suka fara hawa buɗaɗɗun motoci waɗanda babbar hula mai gashi ba ta zama a kai a cikinsu. Wanda ya tara gashin jimina ya wayi gari da abin da ba mai tayawa. Fata kuwa har gobe majema na jeme ta, dukawa na ɗinka ta, kuma baƙon da ya zo Damagaram da wuya ya koma ba da takalmi ko jaka ko filon fata ba.

Darasin a fili yake. Yayi a ci ribarsa da wuri a tsame hannu, jari kuma a binne shi cikin abin da muka iya yi da kanmu. Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To me yarinyar nan take da shi wanda masana'antar Caina ba ta da shi? Na farko, kusa take. Kafin a kwaikwayi samfuri a can, a loda shi a jirgin ruwa, ya sauka Legas ko Kwatano, ya hau babbar mota zuwa Kano, sannan ya iso rumfarki, an yi watanni. Ita kuwa ki nuna mata hoto ranar Litinin, ta kawo miki ranar Alhamis. Na biyu, ba sai kin sari dozin biyar ba. Ki sa ta yi uku, in sun tafi ta ƙara, in ba su tafi ba asararki kaɗan ce. Na uku, ga anko. Ƙawayen amarya 20 ko 30 za su zaɓi atamfa ɗaya, su so jaka da abin hannu da suka dace da launinta, kuma biki saura kwana goma. Babu kantin da zai ba ki wannan, sai hannu. Haka kuma ita ce za ta iya gyara samfurin ya dace da mu, ta rage abin da ya yi yawa, ta ƙara abin da zai sa uwa ta yarda 'yarta ta fita da shi.

Amma fa sai an gyara yadda muke mu'amala da yaran nan. Mu ɗauki misali. A ce yarinya ta sayi duwatsu da zare da zif na jika 3, ta yi kwana uku tana aiki, aka taya jakar jika 4, aka kuma ce sai an sayar za a biya ta. In ta yi sa'a bayan sati biyu ta karɓi kuɗin, ta ga jika 1 a sama ta ce ta ci riba. Ba ta lissafa kwanakinta ba, ba ta lissafa kuɗin kabu-kabu ba, kuma sati biyun nan ba ta da abin sayen wasu duwatsun. Bayan wata uku za ta ce sana'ar ba ta da albarka ta ajiye. Wadda ta yi asara ta biyu kuwa ita ce 'yar kasuwar da ta matse ta, domin ta rasa hannun da zai fitar da ita ranar da aka rufe iyaka.

Shawararmu ga iyayenmu mata na kasuwa ita ce, duk wadda ta ga yarinya mai hannu mai kyau ta riƙe ta kamar yadda take riƙe dilanta na Kano. Ta ba ta kuɗin kayan aiki tun farko, a yanka ladan hannu a fili kafin a fara, a biya ranar da aka kawo kaya. In aikin bai yi kyau ba a faɗa mata inda ya gaza, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu zuwa Kano kuma su riƙa saro duwatsu da zare da yawa, su sayar wa yaran a farashin da za su iya fita, maimakon kowace ta riƙa saye ƙulli-ƙulli da tsada.

Dukawanmu ma akwai magana a kansu. Sana'arsu yawanci gado ce, kuma hannunsu ba a magana, amma da yawa har yanzu samfurin kakanni suke yi suna jiran baƙi, alhali Turawan yawon buɗe ido sun ja baya shekaru da dama saboda matsalar tsaro. 'Yan matan nan su suka san abin da sa'o'insu ke so. In aka haɗa idon yarinya da fatar jar akuya da allurar baduku, za a samu jakar da 'yar Damagaram za ta rataya da alfahari, wadda kuma ba za ta ɓare cikin wata biyu ba kamar ta roba.

Ga iyaye kuma, kada kuɗin da yarinya ta samu ya zama dalilin cire ta daga aji. Alkaluman UNICEF sun nuna kusan 3 cikin kowace 4 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su kai shekara 18. Ke nan mafi yawansu abin da suka koya yanzu shi za su shiga da shi ɗakin miji. Wadda ta iya karatu da lissafi ita ce za ta rubuta bashi, ta san uwar kuɗi daga riba, ta hana a cuce ta. Sana'ar da ake yi a tsakar gida ta fi talla a tasha rufin asiri nesa ba kusa ba. Kuma kada a kwashe duk abin da ta samu a zuba a kayan ɗaki, a bar mata jarinta ya riƙa juyawa.

Hukuma ita ma da nata. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, akwai asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a, akwai kuma baje kolin SAFEM na sana'ar hannun mata da ake yi a Yamai tun shekarar 2000. Tambayar ita ce, yara nawa daga unguwanninmu suka san da su? Koyar da ɗinki da saƙa kaɗai bai wadatar ba in ba a koya wa yarinya yadda za ta yanka farashi ba. Muna kira ga magajin gari da shugabannin 'yan kasuwa da su ware wani ɗan wuri a Kasuwar Dole ranar Alhamis, ko da rumfa biyu ce, inda za a riƙa baje kayan hannun 'yan mata ba tare da an ɗora musu haraji mai nauyi ba. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, wadda tun asali ita ce uwar masu sana'a, kalma ɗaya daga bakinta za ta yi nisa.

Ba mu ce a daina zuwa Kano ba, ba mu kuma ce 'yan mata su daina kallon fim ba, domin zamani riga ne, kowa da irin wadda ya tarar. Abin da muke cewa shi ne, ranar Alhamis mai zuwa idan yarinya ta miƙo miki waya ta ce irin wannan take so, kafin ki ce babu, ki tuna da ɗayar mai leda da kika sallama ɗazu. Wataƙila ita ce za ta yi miki shi kafin sati ya zagayo, kuɗin kuma ya kwana a Damagaram.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.