Filin Manoma: Ba Kowace Ƙwayar Halitta Ce Abokiyar Gaba Ba

Yau zancenmu a kan farin naman kaza ne, tsiron nan mai kama da laima, wanda Turawa ke nomawa cikin ɗaka a bisa takin karan alkama da kashin doki ko na kaji.

Babbar annobarsa ita ce wata koriyar fumfuna mai suna Trichoderma. Ta addabi manoman Ailan da Ingila wajen 1985, sa'an nan ta ɓulla a Amurka da Kanada cikin shekarun 1990. In ta kama taki, sai ta danne irin da aka zuba, wahalar makonni ta tashi a banza.

Wani zai ce, to, a dafa takin mana, kome ya mutu. Ai nan ne kuskuren yake, domin kangon gida kowa na iya shiga. Abin da gwanaye ke yi shi ne su turara takin a zafin digiri 60 na 'yan sa'o'i, ƙwari da miyagun ƙwayoyi su hallaka. Daga nan su rage zafin zuwa kamar digiri 48 na 'yan kwanaki, don ƙwayoyin kirki masu jure zafi su hayayyafa, su cinye sassauƙan abincin da fumfuna ke nema. A Faransa har ƙara wa taki suke yi da bakteriyar Bacillus velezensis lokacin zuba iri, domin tana fitar da sinadaran da ke hana fumfunar yaɗuwa.

Amma fa masu gadi ba su hana a rufe ƙofa. A wanke hannu da kayan aiki, a fitar da tsohon taki nesa da ɗaki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.