Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Matasa Masu Shirya Gajerun Finafinai a Unguwar New Bell, Duwala



Magana ce da ni a kan finafinan nan da kuke ɗauka da waya kuna sakawa a YouTube. Da finafinan Kano kuka yi wayo, masu kallonku ma haka, kuma wannan jari ne. Da zarar an ga alhaji ya ajiye mota a ƙofar gidan budurwa, saurayinta yana rakuɓe jikin katanga, kowa ya san auren dole ke tafe. Kada ku ɓata rabin fim mai minti 10 wajen bayanin abin da aka riga aka sani.

Sai dai abin da aka sani ba ya sa hawaye, sai an karkata shi. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier, fim ɗin kaboyi mai kusan rabin sa'a. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da tsarabar huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Mai kallo ya zo ganin harbe-harbe, sai ya tarar da dattawa suna kallon 'ya'yan cikinsu sun koma baƙi.

Ku kuma babban gidan yarin Duwala yana cikin unguwarku. Idan fim ɗin ɓarawo da ɗan sanda za ku yi, ku yi tseren, ku sa ɗan benskin, wato ɗan acaɓa, ya ratsa lunguna har kasuwar Marché Central, amma ku ƙare da uwar ɓarawon a layin ziyara, kwanon tuwo a hannu. Waƙar soyayya kuwa, don Allah ku daina yawon neman lambun furanni. Masoyan New Bell a ƙarƙashin rumfar kwano suke fakewa, ruwan damina yana cika kwalbati. Ku bar su su yi Hausarsu ta nan, mai gauraye da Faransanci da Fillanci.

Af, ku sayi makirfo kafin ku sayi sabuwar kyamara. Ƙarar babura tana cinye muku magana.

Tun 1997 ake bikin finafinai na Écrans Noirs a Yawunde, kuma ana karɓar gajeru. Ku sa fassarar Faransanci a ƙasan hoto, ku aika.